WANDA AKA BA YARA DA ƘWALLO, AMANA AKA BA SHI

In kaka ta wuce, aka ɗaure dammai, hatsi ya shiga rumbu, aikin yaro a ƙauye yana raguwa ƙwarai. Manyan samari da yawa sun tafi cin rani. Ƙanana su ne suka rage gida. Da la'asar ta yi sai a gan su bayan gari suna bin tamola ta tsumma, su talatin bisa ƙwallo guda. Ƙura ta tashi, babba ya ture ƙarami, in faɗa ya kama babu mai rabo. Daga Madarunfa har Illela, daga Mirya har Dogon Dutsi, haka abin yake.

Shi ya sa a garuruwa da yawa dattawa kan nemi mutum guda su ce ya riƙe yaran nan. Wani lokaci mushen lakwal ne, wani lokaci malamin karatun manya, wani lokaci manomi ne da bai tafi cin rani ba. Amsar da akan ji daga bakinshi ita ce shi bai taɓa buga ƙwallo wani babban fili ba, kuma bai san dokoki ba. Wannan ba ya hana aikin. Yaro mai shekara 8 ko 10 ba gwanin ƙwallo yake bukata ba. Abin da yake bukata shi ne babba mai haƙuri, wanda zai sa kowane yaro ya taɓa ƙwallo, ya kuma maida shi gida lafiya kamin magariba. Dokoki da dabaru ana koyon su a hankali, tare da yaran.

ABIN DA ƘASA TA RIGA TA GANI

Ƙwallon ƙafa, wanda wasu ke ce ma balo, ya ɗaga sunan Nijar ba sau ɗaya ba. Ƙungiyar ƙasa ana kiran ta Mena, sunan wata irin barewa ce ta dajin arewa. Cikin watan Oktoba na 2010, Mena ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, alhali Masar ce ke riƙe da kofin Afirka a lokacin. Musa Ma'azu ne ya zuba ƙwallon. Daga nan Mena ta samu shiga gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, ta sake komawa a 2013.

Yara ma sun yi nasu. A 2015 Nijar ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Yamai. A 2017 yaran Nijar masu waɗannan shekaru suka tafi gasar duniya a ƙasar Indiya, suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0, suka wuce zagaye na biyu, inda Gana ta fidda su. A 2019 an yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi.

Cikin waɗannan ƴan wasa babu wanda aka haifa da iyawa. Kamar kokowa ce. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kowa ya san ɗan kokowa bisa rairayin garinsu yake farawa, gaban manya masu gyara mashi kamu. Ƙwallo ma haka take son manya tsaye.

A FARA DA IYAYE, BA DA FILI BA

Sabon mai horaswa yakan yi gaugawar sayen usur da neman fili. Aikin farko ba nan yake ba. Ya fara zuwa wurin mai gari da liman, ya gaya masu nufinshi. Daga nan ya bi gida gida, ya yi sallama, ya nemi izinin uban kowane yaro. Yaron da ubanshi bai yarda ba, kada a ɗauke shi a ɓoye. A bari uban ya ga yadda abin ke tafiya, wataƙila gaba ya sake shawara.

Iyaye suna da dalilin tsoro. Suna gudun ƙwallo ta hana yaro kiwo, ko ban ruwan garka, ko makarantar allo, ko lakwal. Suna gudun karaya da faɗa. Don haka mai horaswa ya yi masu alkawali uku, gaban mutane. Na ɗaya, ba a wasa sai yaro ya gama aikin gida da karatu. Na biyu, ana tashi kamin kiran sallar magariba. Na uku, da ruwan shuka ya sauka an rufe fili, sai dai in iyaye da kansu suka bada rana guda cikin mako. In ya cika waɗannan, iyaye za su zama abokan aikinshi. In ya saɓa guda, ƙungiya ta fara mutuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin Janar Seini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke tsara wasanni da aikin gayya cikin garuruwa, kowa da muƙaminshi. Dabarar tana da amfani har gobe. A kafa ɗan kwamiti na mutum huɗu ko biyar: dattijo guda, mai ajiyar kuɗi, mai rubutu, mace guda daga cikin uwayen yara, da mai horaswa. Kada babba guda ya keɓe da yaro shi kaɗai, a fili ko a ɗaki. Kullum a samu babba na biyu a wurin. Wannan yana kare yaro, yana kuma kare mai horaswa daga zargi.

ƊIYAN MAKIYAYA SU SHIGA

Inda rugga ko zango ke kusa da gari, a je a gaida mai rugga, a nemi yaranshi su ma. Ɗiyan Fulani da na Buzaye sau da yawa ba su dawowa da bisashe sai yamma lis. Ana iya zaɓen ranar da wani ke karɓar su kiwo, ko a ja lokaci kaɗan saboda su. Wurin raba yara kada a ce ga ɓangaren ƴan gari, ga ɓangaren ƴan rugga. A cakuɗa su. Yaran da suka saba miƙa ma juna ƙwallo, in sun girma aka samu ɓarnar gona, sun san sunan juna, kuma magana ta fi sauƙi.

In ƴan mata suna so kuma iyayensu sun yarda, a ba su ranarsu, da mace babba tsaye wurin.

FILI

Mai gari ne ke nuna fili, gaban shaidu, don kada damana ta zo mai gona ya ce an danne mashi ƙasa. Kada a yi fili bisa burtali, ko bakin rijiya, ko kusa da hanyar mota. Ranar farko ta gayya ce. Yara da manya su tsince ƙaya, tsidau, ƙarangiya, duwatsu, fasassun kwalabe da tsoffin gwangwani. A cike ramuka. A kwashe kashin bisashe. Mafi yawan yara ba su da takalmi, don haka wannan tsinta ba ta ƙarewa: kowace rana, kamin a fara, yara su jeru su bi fili sau guda.

Filin manya yana da tsawon metir 90 zuwa 120, faɗi metir 45 zuwa 90. Gidan da ake zuba ƙwallo faɗinshi metir 7 da santimetir 32, tsayinshi metir 2 da santimetir 44. Wannan ya fi ƙarfin yaro. In aka sa ƙanana cikin irin wannan fili, gudu kawai za su sha, ƙwallo ba ta kai gare su. Ga abin da ya dace:

Ƴan shekara 6 zuwa 8: huɗu da huɗu, ko biyar da biyar, fili taki 30 bisa taki 20.

Ƴan shekara 9 zuwa 12: bakwai da bakwai, fili kamar taki 55 bisa taki 35, gida taki 5.

Daga shekara 13 zuwa sama ne ake fara kusantar goma sha ɗaya da goma sha ɗaya.

Babban takin namiji yana kusa da metir guda. Don kusurwa ta miƙe daidai, a samu igiya mai metir 12, a ƙulla ta wurin metir 3 da wurin metir 7, a haɗa bakinta biyu. Yara uku su kama, ɗaya wurin mahaɗi, biyu wurin ƙulli, su ja ta ta miƙe. Gefe guda zai zama 3, guda 4, guda 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai. Magina ma da ita suke aiki. Layi kuwa a ja shi da hauya, a zuba toka.

Kada a sare ɗanyen icce saboda gida. Busasshen reshe ya isa. A gina rami mai zurfi, a kafa shi da kyau. Daga sama a ɗaura igiya maimakon a gitta gungume, don yara suna son lilo, kuma gungume in ya faɗo bisa kai yana kisa.

ƘWALLO GUDA BA TA ISA

Ga lissafi mai sauƙi. Yaro 30, ƙwallo guda, awa guda. In an raba daidai, kowane yaro minti 2 ya samu. Kuma ba a raba daidai, don masu ƙarfi su ke cinyewa. Yaron da ya taɓa ƙwallo sau uku cikin yini bai koyi kome ba.

Maganin abin yana cikin gari. Kowane yaro ya iya ɗaura tamola da tsumma, tsohuwar safa, leda da igiya. Mai horaswa ya ce kowa ya zo da tashi. In an samu tamola goma sha biyar, yara biyu biyu suna da ta aiki. Ƙwallon kanti a aje ta sai wurin wasan ƙarshe.

In za a sayi ta kanti, a duba lambar da ke jikinta. Lamba 5 ta manya ce, nauyinta garam 410 zuwa 450. Lamba 4 ita ce ta ƴan shekara 9 zuwa 12, lamba 3 ta ƙanana. Kada a cika mata iska har ta yi tauri kamar dutse, kada a bar ta cikin rana, kada a zauna bisanta. A sayi famfo da allurarshi tare da ita. Bayan wasa a kai ta gidan mai ajiya, ba gidan wani yaro ba.

YADDA AKE RABA AWA GUDA

Awa guda ta isa, sau biyu ko uku cikin mako. Mai horaswa ya rubuta abin da za a yi tun daga gida, don in ya tsaya tunani cikin fili, yara sun watse.

Minti 10 na farko, a ɗumama jiki. Ba sai an sa su zagaya fili kamar soja ba. Langa da wasan kama-kama sun isa, kuma yara sun san su.

Minti 15, jan ƙwallo. A jera duwatsu masu laushi ko takalman roba, taki biyu tsakani. Yaro ya bi tsakaninsu da tamola, da ƙafar dama, ya dawo da ta hagu. A yi layi da yawa, kowane layi yaro uku ko huɗu, don kada a daɗe tsaye.

Minti 10, miƙawa da tarbewa. Yara biyu biyu, taki biyar tsakani. A buga da cikin ƙafa, ba da ɗan yatsa ba. Ƙafar da ke tsaye ta kasance gefen ƙwallo, tana duban inda ake son ta tafi. Mai tarbewa ya sassauta ƙafa, kamar mai karɓar ƙwai.

Minti 20, wasa. In yara sun yi yawa, a yi fili biyu ko uku. Wurin nan mai horaswa ya rage magana, ya bar su su yi kuskure su gyara.

Minti 5 na ƙarshe, a zauna inuwa, a sha ruwa. Ya tambaye su abin da suka koya, ya yaba ma biyu ko uku, ya faɗi ranar dawowa.

Wanda bai iya nuna bugu da ƙafarshi ba, kada ya ji kumya. Ya kira yaron da ya fi iyawa ya nuna, shi kuma ya bayyana da baki. Magana ta zama gajera, abu guda a rana. Yaro da ƙafa yake koyo, ba da dogon wa'azi ba.

BULALA BA TA SHIGA FILI

Mai horaswa ba ya dukan yaro, ba ya zagin shi, ba ya ambaton uwarshi ko ubanshi da mugun baki. Yaron da ake ma tsawa in ya ɓata, gobe zai guje ma ƙwallo don kada ya ɓata. Gyara yana da hanya. A kira yaro da sunanshi, a fara da abin da ya yi daidai, sannan a nuna mashi abin da ya rage. Wanda ya yi faɗa ko zagi, a zaunar da shi bakin fili minti biyar. In ya maimaita, a hana mashi rana guda, a gaya ma ubanshi.

Kowane yaro ya samu shiga, ko da rabin wasa ne. Kada a ce ƙarami ko mai jiki kullum shi ne mai tsaron gida. A riƙa juyawa, yau wannan gaba, gobe baya. Yara ba su girma tare. Wanda ya fi kowa ƙarfi yana shekara 10, sau da yawa don ya riga su tsawo ne, kuma ƙanƙanen da ake raina yau yana iya wuce shi nan da shekara huɗu. In ɗan mai horaswa ko ɗan mai gari yana cikin ƙungiya, a yi mashi kamar kowa. Yara sun fi manya saurin gane son kai.

DOKOKIN DA SUKA ISA FARAWA

Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, amma kaɗan sun isa mai farawa. Ba a taɓa ƙwallo da hannu da gangan, sai mai tsaron gida cikin da'irarshi. Ba a turi, ba a riƙe riga, ba a taɗiya, ba a harbin ƙafa. In ƙwallo ta fita ta gefe, ɓangaren da bai taɓa ta ƙarshe ba shi ke jefowa, da hannu biyu, daga bayan kai, ƙafa biyu ƙasa. In ta fita ta layin gida daga ƙafar masu kai hari, mai gida ke bugowa. In daga ƙafar masu gida ta fita, bugun kusurwa ne. Laifin da mai gida ya yi cikin da'irarshi yana jawo bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ga manya daga metir 11 ake yi, ga yara a rage zuwa taki 8. Tun 1992, in abokin wasa ya miƙa ma mai tsaron gidansu ƙwallo da ƙafa da gangan, ba ya kama ta da hannu.

Dokar satar gida ita ta fi kawo gardama. Ga ƙanana a bar ta, sai sun kai shekara 11 ko 12. Manya suna wasan minti 45 sau biyu. Ƙanana minti 15 sau biyu ya ishe su, ƴan shekara 9 zuwa 12 kuma minti 20 ko 25 sau biyu.

LAFIYA TA FI CI

Rigakafi ya fi magani. Tun wurin rubuta suna, a tambayi iyaye ko yaro yana da fuka, farfaɗiya, amosanin jini ko kumburin saifa. Irin wannan yaro sai likita ya ce yana iya wasa. Mai zazzaɓi ko zawo ba ya shiga fili, ko ya yi kuka.

Cikin watan huɗu da na biyar zafi yana wuce digiri 40. Lokacin nan a jira rana ta yi sanyi, a rage wasa, a tsaya shan ruwa kowane minti 15. Tulu ko jarka ta ruwa mai tsabta ta kasance inuwa kullum. Ranar da hazo ya yi yawa, a huta. Cikin azumi, yaran da suka ɗauka kada a sa su gudu. Yaron da ya ce yana jin jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa mashi jiki, a yi mashi fifita, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. In ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura mashi kome a baki, a kai shi gidan likita nan da nan.

Rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma wankakke. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin garin batir. Ƙwayar tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora, cikin ƙasa da kashin bisashe take zama. In ƙaya ko ƙarfe ya shiga da zurfi, a je a yi allura. Targaɗe a huta da shi, a ɗaga ƙafar, a sa tsumma mai sanyi. In ana zaton karaya ce, kada a ja, kada a murza. A tallabe da kara ko icce yadda ba ta motsi, a sanar da iyaye, a nufi likita.

Yaron da ya bugu a kai, har ya ruɗe, ko ya yi amai, ko ya mance abin da ya faru, ya gama wasa ran nan, kuma likita ya gan shi. Ƙanana kada a koya masu bugun kai. A Amurka an hana shi ga ƴan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015. A Ingila ma, cikin 2020, an ce a daina koyar da shi ga ƴan firamare wurin horo.

Akwai wata masifa kuma, ƙwayar taramol da wasu samari ke sha wai don kada su gaji. Tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma jawo suma da fizge-fizge. Mai horaswa ya faɗa ma yara wannan a fili, kuma kada ya bar mai saida ta ya raɓi wurin wasa.

LITTAFI DA ALƘALAMI

Nan ne karatun manya ke nuna amfaninshi. Kowace ƙungiya ta samu littafi guda. Shafin farko: sunan yaro, sunan ubanshi, shekarar haihuwa, da ciwon da aka sani. Shafi na biyu: wanda ya zo da wanda bai zo ba. Yaron da ya ɓace mako biyu, a je gidansu a ji dalili. Shafin baya: kuɗi.

Kuɗi su ke kashe ƙungiyoyi da yawa. Kada a ɗora ma yaro biya, don ɗan talaka zai koma gefe. Lokacin kaka, gidan da ya iya ya bada tiya guda ta hatsi, wake ko gujiya, a saida a sayi ƙwallo. Ko mai gari ya ara ma ƙungiya ɗan fili a noma da gayya. Ko dala guda ce ta shiga ko ta fita, a rubuta ta da rana. Kowane wata a karanta lissafi gaban iyaye. Mai horaswa ba shi ne mai ajiyar kuɗi ba.

Wurin rubuta shekaru za a ga yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Wannan dama ce ta tuna ma iyaye su nemi ta wurin magajin gari. Lakwal tana neman ta, jarrabawa tana neman ta, gasar ƙwallo ma tana neman ta. Kuma a rubuta shekarun gaskiya. Rage ma yaro shekaru don a ci wasa ƙarya ce ake koya mashi. Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya cikin 2009, hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane masu rage shekaru.

RANAR KARAWA DA WANI GARI

Kada a yi gaugawar gayyato maƙwabta. A bari yara su yi wata guda ko biyu suna horo. In lokaci ya yi, manyan garuruwan biyu su zauna tun da wuri su shirya: shekarun yaran da za su shiga, yawansu, tsawon wasa, da wanda zai yi alƙalanci. Alƙalin wasa ya fito daga gari na uku. Abin da ya yanke ya zauna, ko ya yi kuskure. A ja layi ƴan kallo su tsaya bayanshi, a aje sanduna da wuƙaƙe nesa da fili, a hana caca bisa wasan yara.

Baƙi a tarbe su da ruwa da fura. Kamin wasa da bayanshi yara su gaisa hannu da hannu. Masu tafiya su tashi da wuri, da manya biyu ko uku, kada a cika amalanke fiye da ƙima, a dawo da sauran rana. In an sha kashi, mai horaswa kada ya ɗora laifi bisa yaro guda, kada ya ce asiri aka yi masu. Ya yaba abin da suka yi da kyau, ya rubuta abin da za a gyara. Garuruwa biyu da ke cin kasuwa guda, suna auren juna, ba su ɓata zumunta saboda ƙwallon ƴan shekara 12.

A YI HANKALI DA MASU ALKAWALIN TURAI

In yaro ya fito gwani, za a samu mai zuwa ya ce zai kai shi Faransa ko wata ƙasa, in an biya kuɗin hanya. Iyaye da yawa a Afirka sun saida gona da bisashe saboda irin wannan magana, aka yada ɗiyansu a wata ƙasa ba wasa ba abinci. Dokar FIFA ta hana ƙungiyar wata ƙasa ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba, sai bisa wasu ƴan sharuɗɗa. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi wurin uba don ta gwada ɗanshi. Hanyar da ta dace ita ce ta kusa: mushen lakwal, ma'aikacin matasa da wasanni na jiha, da ƙungiyoyin birni da hukumar FENIFOOT ta sani. Kuma yaro kada ya bar karatu ko sana'a. Cikin yara masu yawa, ƴan kaɗan ƙwarai ne za su ci abinci da ƙwallo. Sauran manoma ne, makiyaya, ƴan kasuwa da ma'aikata na gobe.

Don haka ba a auna mai horaswa da yawan wasan da ya ci. A ƙarshen rani a buɗe littafi. In an fara da yaro 30 kuma har yanzu 30 ne ke zuwa, babu wanda ya nakasa, babu wanda ya bar lakwal ko kiwo, lissafin kuɗi ya fito daidai, to wannan mutum ya iya aikinshi, ko da bai taɓa zuba ƙwallo cikin raga ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi zuwa bisa lokaci, jiran layi, da karɓar hukuncin alƙali ba da faɗa ba, ya samu abin da zai yi mashi amfani gona da kasuwa.

Garin da ya kafa ƙungiyar yara, mai rubutunsu ya aiko ma jarida wasiƙa: sunan gari, yawan yara, yadda aka samu fili da ƙwallo, da wahalar da aka gamu da ita. Wasu garuruwa za su karanta su ƙaru. Allah ya raya yara, ya ba masu riƙon su haƙuri.